Tari a ɗaki, tari a garke

Akwai daren da na tsaya a tsakar gida wajen ƙarfe uku, fitilar waya a hannuna, ina sauraron tari daga wuri biyu. Ɗaya daga ɗakina yake fitowa, na autana ne, mai shekara biyu da rabi a lokacin. Ɗayan daga bayan kicin, inda tumakina ke kwana. Iska na kaɗa zana, hazo ya rufe ko taurari ba a gani, ni kuma na rasa inda zan fara dosa. A ƙarshe ɗakin na koma, amma kunnena ɗaya yana garke har aka kira assalatu.

Watan Janairun 2023 ne. Ni malamar firamare ce a wani gari da ke arewa da Kano. Maigida direban babbar mota ne, da zarar kayan lambu sun fara fitowa ba ma ganinsa sai bayan sati biyu ko uku, yana hanyar Kudu da albasa da tattasai. A gidan akwai ni, da yara uku, da Inna, mahaifiyarsa, wadda ta daɗe tana fama da ƙirji. Sai tumaki takwas: mata shida, da raguna biyu da nake turkawa don layya. Dukkansu 'Yankasa ne, farare masu baƙi a ido da baki, in ban da guda ɗaya mai jinin Uda, gabanta baƙi bayanta fari, kamar an tsoma ta a tukunyar baba an fasa. Ita ce ta farko da na saya da kuɗin adashe, kuma yawancin sauran 'ya'yanta ne da jikokinta. Uwar garke muke ce mata.

Mace mai albashin firamare ba sai an gaya mata amfanin tunkiya ba. Kuɗin makaranta, kayan suna, ɗinkin sallah, duk daga nan suke fitowa. Asusu ce. Sai dai asusu ce mai ci, mai sha, mai numfashi, kuma ba ruwanta da ko kin kwana lafiya.

Shirin hunturu tun kaka nake fara shi. Da an cire wake da gyaɗa nake sayen harawa, lokacin tana da araha, a ɗaure ta dami-dami a ɗora kan rumfa inda gara ba za ta kai ba. Kowar wake ina tara ta a buhu. Dusa daga wurin mai injin niƙa nake karɓa, in haɗa da ƙasarin surfen gidan, in jefa ɗan gishiri da kanwa. Idan sanyi ya kawo jiki sai a kewaye gabas da arewan rumfarsu da zana, tunda ta nan iskar take bugowa. Shekarar farko na rufe ko'ina ruf, ina ganin gata na yi musu. Inna ta leƙa ta fito tana toshe hanci.

"'Yar nan, ki buɗe musu yamma. Zarnin fitsarin nan ya fi sanyin cutar da su."

Gaskiyarta. Tun daga nan ɓangare ɗaya a buɗe yake, kuma kullum sai an share an zuba busasshiyar ƙasa. A wannan shekarar duk na yi waɗannan. Huɗu daga cikin matan suna da ciki, kuma da yake cikin tunkiya wata biyar ne, lissafina ya nuna haihuwa za ta faɗo daga ƙarshen Janairu zuwa Fabrairu, wato tsakiyar sanyi. Na ƙara musu dusa kaɗan-kaɗan saboda tsohon ciki, ba da yawa a lokaci ɗaya ba, don na taɓa ganin yadda dusa ke kumbura cikin dabba.

Kuskuren daga waje ya shigo, kuma da hannuna na buɗe masa ƙofa. Ƙanin maigida, wanda tsakaninmu sai tsokana, ya dawo daga wata kasuwar ƙauye da ɗan rago a kan babur.

"Matarmu, fito ki ga abin arziki. Mai shi kuɗi yake nema ido rufe."

Ragon yana da tsayi, yana da ƙashi, kuɗin kuma ya yi sauƙin da ya kamata ya sa ni tsayawa. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Na ga hancinsa da ɗan danshi, na ce ƙura ce, wa ke da busasshen hanci a hunturu? Na san ƙa'ida sarai: baƙuwar dabba a ɗaure ta ita kaɗai sati biyu zuwa uku, da kwanon ruwanta daban. Amma a satin aka koma makaranta, ga rajista ga tsarin darasi, kuma lungun da iska ba ta kaiwa a gidan guda ɗaya ne tak. Na ji tausayinsa. Na kwance igiyar na tura shi cikin 'yan uwansa.

Kwana uku ya daina cin harawa. Ya koma gefe ya sunkuyar da kai, gashinsa ya tashi. Kwana biyar majina ta yi kauri ta bushe a hancin, idanu suka liƙe da kwantsa, sai zawo mai wari. Kafin sati ya zagayo biyu daga cikin nawa sun fara.

A daidai wannan satin ne yaron tsakiya ya tashi da zazzaɓi yana cewa maƙogwaronsa na ciwo. Wanda ya zauna a Kano a lokacin ya san abin da wannan ke nufi ga uwa. Rediyo kullum maganar mashaƙo ake yi, ana cewa ta ɓulla a jihar, ana cewa a duba wuyan yaro ko ya kumbura, a duba maƙoshi ko wani abu mai ruwan toka ya lulluɓe shi. Na haska bakinsa ya fi sau goma a dare ɗaya. Na zazzage akwati na nemo katin rigakafinsa, na ga allurai ukun nan na sati 6 da 10 da 14 duk an cike, sannan na ɗan samu numfashi. Da safe na kai shi asibitin unguwa, aka ce mura ce mai ƙarfi. Ruwan ɗumi da zuma da lemun tsami, farasitamol, man kaɗanya a leɓe da hanci. Ya warke cikin kwana huɗu, bayan ya raba wa kowa a gidan.

Malamin dabbobi ya zo da yamma a kan babur. Bai ma taɓa ragon ba tukuna ya tambaye ni yaushe aka kawo shi. Ya buɗe bakinsa ya nuna mini gyambuna a dasashi da cikin leɓe. Ya ce alamun duk na cutar nan ce da suke kira PPR, wadda mu muke haɗawa mu ce mura da zawo. Ƙwayar bairos ce, ta numfashi da majina da kwanon ruwa take yaɗuwa, ta fi yi wa awaki ɓarna amma tumaki ma ba ta bar su ba. Ya ce ita kanta ba ta da magani. Allurar da zai yi, mai dogon aiki da ake ce wa LA, don kashe cututtukan da ke biyo baya ne su kama huhu. Saura kuma jinya ce, kuma jinyar tawa ce.

Inna tana zaune a kan tabarma tana ji. Tun farko ita ta yanke cewa ragon ne ya kawo wa jikokinta ciwo.

"Malam, ba shi ya shafa wa yaran ba?"

"A'a Hajiya, wannan ba ta kama mutum. Lokaci ne ya haɗa su. Amma in wata ta yi ɓari, kada yara su taɓa, a binne da zurfi, a wanke hannu da sabulu. Akwai wasu cututtukan da ta nan suke bi."

Ga yadda ranakun suka koma. Bayan sallar asuba in hura wuta in ɗora ruwa, tukunya babba, domin ruwan ɗumin nan na kowa ne: alwalar Inna, wankan yara, da na tumaki. Mun raba garken biyu. Masu lafiya suka dawo zaure, marasa lafiya suka zauna bayan kicin. Babbar 'yata, mai shekara goma sha biyu, ita ce mai zaure, ba ta taka bayan kicin ko da wasa. Ni ce mai bayan kicin, da silifas ɗina na can daban da tsohon zane da nake ɗaurawa in cire a ƙofa. In jiƙa tsumma a ruwan ɗumi mai ɗan gishiri in goge hanci har ɓawon ya saki, don in hancin ya toshe ba sa iya ci suna numfashi. In goge idanu. In dama dusa ruwa-ruwa kamar kunu, tunda bakin da ke da gyambo ba ya iya harawa. Masu zawo in ɗura musu ruwan gishiri da sukari a hankali ta gefen baki, kai ba a ɗage sosai ba, kada ya bi ta huhu. Dabba uku, kusan awa guda. Sannan in yi wanka, in dama koko, in shirya yara, in kama hanyar makaranta ina warin hayaƙi. Da azahar a sake, da magariba a sake.

Baƙon ragon ya mutu a dare na tara. Da safe na same shi ya sandare. Inna ta yi ta jimami wai an bar nama ya zama mushe, da an sa masa wuƙa tun jiya. Ban ce komai ba, sai daga baya na lallaɓa na gaya mata abin da malamin ya ce, cewa dabbar da aka yi wa wannan allurar sai ta yi makonni kafin namanta ya ciwu. Ƙanin maigida ne ya haƙa ramin a bayan gari. Ranar babu tsokana.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Murar auta ta ƙi tafiya, ta sauka ƙirji. Daren da na fara da shi kenan. Da na koma ɗaki na ɗaga rigarsa, sai na ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa duk lokacin da ya ja numfashi, kuma numfashin sauri-sauri kamar wanda ya yi gudu. Gari na wayewa na goya shi. Malamar asibiti ta ɗora agogo ta ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Ta ce yaro daga shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai 40 a minti yana kwance lafiya lau ba kuka yake ba, to ba mura ba ce kawai, limoniya ake zargi. Nasa ya wuce haka. Ta ba da amoksisilin mai narkewa a ruwa, na kwana biyar, ta ja kunnena kada in tsaya don na ga sauƙi, kuma in ya kasa shan ruwa ko ya fara yawan barcin da ba a iya tashinsa, in wuce babban asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne. Tun daga ranar na koyi ƙirga numfashi, kuma abin dariya, har tumakin na koma ina tsayawa ina kallon cikinsu ina ƙirgawa.

Rigimar da ta fi ba ni wuya a watan ba ta ciwo ba ce, ta kaskon wuta ce. Inna ta saba kwana da gawayi a ɗaki, ƙofa a rufe, taga a toshe da tsumma. Da auta ya kwanta sai ta ce a kawo shi ɗakinta ya ji ɗumi. Ni kuma na san gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mutum ya kwanta ya ƙi tashi, kuma duk hunturu sai an ji irin labarin. Amma ta yaya suruka za ta ce wa uwar miji abin da ta shekara sittin tana yi kuskure ne? Na kira maigida yana wajen Lakwaja. Ya ce in ba ta wayar. Ban san abin da ya gaya mata ba, na dai ji tana cewa "to, to, Allah ya tsare hanya." Muka daidaita a kan a ɗumama ɗakin tun magariba, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe, a ƙara bargo. Ta yi kwana biyu tana amsa gaisuwata a taƙaice.

Sai kuma kuɗi. Shekarar canjin kuɗi ce, an sauya 200 da 500 da 1,000, an sa wa tsofaffin wa'adin ƙarshen Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba a ganinsu. Maigida yana turo kuɗi, suna nan a waya ina kallonsu, amma mai POS ya ce babu, in akwai kuma sai an yanki wani abu mai tsoka. Mai kemis ya yarda da tiransifa, sai mu tsaya ni da shi muna jiran saƙo ya shigo. Amma mutumin ƙauye da ke kawo harawa a amalanke ba shi da asusun banki, tsohon kuɗi yana tsoro, sabo ba ni da shi. Harawata kuwa ta yi ƙasa, saboda tumakin da a da ake sakinsu su yi kiwo a gonakin da aka girbe, su tsinci 'ya'yan gawo, yanzu duk a ɗaure suke kada su kai wa na maƙwabta. Abin da ya fitar da ni shi ne tulin takin da na tara tun kaka a bayan gida. Wani mai lambu ya zo ya gani, muka yi musaya, buhunan taki da damman harawar gyaɗa. Ko sisi bai shiga tsakani ba. Inna ta ce haka suka taso suna gani, mu ne muka mayar da komai takarda.

A satin ƙarshe na Janairu jikina ya ce ya isa. Zazzaɓi, ciwon gaɓoɓi, murya ta dishe. Na aika wa shugaban makaranta, na kwanta, amma kwanciyar ta minti ashirin-ashirin ce. A nan ne na yi abin da girman kai ya hana ni tun farko, na aika 'yata gidan maƙwabciyata, Maman 'yan biyu. Ba ta da dabbobi, saboda haka babu abin da za ta kwasa ta kai gida. Ta shigo tana faɗa.

"Haba Malama, katanga ɗaya ce tsakaninmu, sai kin faɗi za ki yi magana? Hannu ɗaya yana ɗaukar jinka ne?"

Kwana uku ita ke girki, ita ke ba auta magani a kan lokaci. Goge hancin tumaki dai ta ce wannan sai mai su. Ƙanin maigida ya karɓa, yana yi yana yamutsa fuska.

Ɗaya daga cikin masu cikin, wadda ta kamu, ta yi ɓari. Ta rayu, amma ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta. Biyun da ke zaure suka haihu lafiya, ɗaya-ɗaya, ɗan ɗayar kuma ya mutu a kwana na biyu, ina jin sanyin asuba ne ya same shi a jiƙe kafin mu farka. Uwar garke ce ta ƙarshe. Ta kamu a makare, ta yi ta fama, kuma a daren wata Alhamis ta haifi tagwaye. Ba ta da ƙarfin lashe su. Na sa tsumma na goge su har suka bushe, na share musu hanci, na tsoma cibiyarsu a aidin, na sa su a kwali kusa da murhu inda toka ke da sauran ɗumi. Abin da ya fi damuna dakashi ne, nonon farkon nan mai kauri. Ɗan tunkiyar da bai sha shi ba a sa'o'in farko da wuya ya yi ƙarko. Na tatsi ɗan abin da ya samu a kofi na ɗiɗɗiga musu da sirinji marar allura. Ita kuma ta kwana biyu ta tafi. Shekara bakwai muna tare. Na shiga kicin na rufe ƙofa na yi kukana, don kada Inna ta ce ana kukan dabba alhali yara sun tashi.

Namijin bai kai sati ba. Macen ta nace. Malamin dabbobi ya ce in ware ta tukuna in ga ko lafiyarta ƙalau, sai na riƙa tatso nonon wadda ɗanta ya mutu ina ba ta a fidar auta ta da, sau biyar sau shida a rana, har da na tsakar dare. Da ta nuna ba ta ɗauke da komai muka gwada haɗa su. Tunkiya da hanci take gane ɗanta, saboda haka duk lokacin da marainiyar ta matso sai ta tunkuɗe ta. 'Yata ta riƙe kai, ni in riƙe ƙafar baya, a sha a ƙoshi, a sake ta. Kullum haka, safe da rana da yamma. A rana ta takwas muka fito muka tarar tana sha da kanta, uwar riƙon tana tuƙa kamar ba ita ba.

Da ƙura ta lafa, malamin ya dawo da maganar rigakafi. Ya ce allurar a Vom ake yin ta, kusa da Jos, kuma sau ɗaya in an yi tana kare dabba shekara uku ko fiye, har ma duniya ta sa 2030 a matsayin shekarar da ake son a ga bayan cutar baki ɗaya. Matsalar ita ce kwalba ɗaya ta dabbobi da yawa ce, ta fi ƙarfin gida ɗaya, dole ta zauna cikin sanyi, kuma in an haɗa ta sai a ƙarar cikin 'yan awanni. Shi ya sa masu tunkiya biyar ko shida irina ba ma yi, kowa na ganin ba don shi aka yi ta ba. Na bi gidajen layinmu ɗaya bayan ɗaya bayan la'asar. Wasu matan suka ce sai sun tambayi masu gida, wata ta ce allura ce ke sa ɓari, wata ta ce nata ba su taɓa ciwo ba. Amma duk sun ga ramukan da aka haƙa daga gidanmu. Wata Asabar a farkon Maris, kafin a kama azumi, aka tara awaki da tumakin gida goma sha ɗaya a ƙofar gidan mai unguwa, malamin ya zo da kularsa mai ƙanƙara, aka gama kafin rana ta yi zafi. Ƙananan da ba su kai wata uku ba aka ce su jira zagaye na gaba.

Ragunan layyan biyu, ɗaya na sayar tun a watan Maris ɗin don in biya mai kemis da malamin dabbobi da bashin dusa, a farashin da in na tuna har yanzu sai na ja tsaki. Ɗayan ya kai Babbar Sallah, ƙarshen Yuni, shi ya yi kuɗin makarantar zango na gaba.

Marainiyar ta girma ba ta san ita tunkiya ba ce. Har yau in an bar ƙofar kicin a buɗe sai ta shiga ta tsaya inda kwalinta yake a da, ta ci ɓawon doya, ta ture murfin tukunya. Auta yana ce mata ƙanwarsa.

Da hunturu ya sake zagayowa, ƙanin maigida ya kira ni daga kasuwa.

"Matarmu, na ga wata tunkiya Balama, wallahi kamar maraƙi."

Na ce ya duba hanci, ya duba ƙarƙashin wutsiya, ya buɗe baki, in ya gamsu ya kawo. Na riga na sa an kafa turke a zaure, an kewaye shi da zana, da kwanonsa daban. Sati uku ta yi a wurin tana kuka ita kaɗai. Dare na biyu na fito duba ta, na tarar an lulluɓa mata tsohon zanen Inna, an ɗaure shi a ƙarƙashin ciki da igiyar rama.